Cinyar Tsinke

Ɗakin tausa yana ƙarƙashin rumfar 'yan kallo ne, daidai inda matakala suka gangaro suka zama rufi, shi ya sa duk wanda ya fi Kawu tsawo sai ya sunkuya kafin ya kai bangon ciki. Gadon tausa ɗaya ne tal, fatarsa ta yage an liƙe ta da filasta. Akwai baho biyu na roba, da kanta mai bandeji da man zafi, da wani tsohon firji da ba ya haɗa ƙanƙara sai an kai masa mari a gefe. Shekara goma sha tara Kawu ya yi a ɗakin nan. Ranar farko ɗauko shi aka yi aka shigo da shi, bayan gwiwarsa ta juya a tsakiyar wasa. Daga ranar ƙwallo ta ƙare masa. Mai tausa na lokacin ya ji tausayinsa ya koya masa aikin, da ƙarfi ya ƙare masa kuma ya miƙa masa makulli ya tafi gida.

A shekarun farko aikin ba shi da wata wahala. Ƙungiyar tana rukuni na uku, ba ta hawa ba ta sauka. 'Yan wasan magidanta ne, wasu har da tumbi, su taka leda a hankali kamar masu tsoron kada ƙasa ta ji zafi, a tashi kowa ya koma shagonsa. Kawu kan karanta jarida tun daga shafin farko har na ƙarshe kafin wani ya leƙo neman filasta.

Sai Koci ya zo. Malamin motsa jiki ne da ya bar koyarwa a wata sakandare, ɗan siriri, ba ya raba wuyansa da agogon auna gudu da usur. Ya tarar ƙungiyar ba ta da halin sayen ko ɗan wasa ɗaya mai suna, bai kuma yi ƙorafi ba. Ya ari babur ya shiga zagaya makarantu da filayen unguwanni, yana tsayawa a gefe yana kallon yara 'yan sha biyar, sha shida. Ba mai iya yanka yake nema ba. Yaron da in an ƙwace masa ƙwallo yake juyowa ya bi ta da gudu maimakon ya tsaya yana ɗaga hannu, shi yake rubuta sunansa.

A cikin fili dokarsa ɗaya ce, ya kira ta matsi. In ƙwallo ta kuɓuce, daƙiƙa shida aka ba ku ku dawo da ita. Mutum uku su rufar wa mai ƙwallo: ɗaya ta gaba, ɗaya ya tare hanyar da zai miƙa ta, na ukun ya zo ta inda ba ya gani. Sauran kuma su matso gaba ɗaya, kada a bar wa kowa filin da zai ɗaga kai.

"Ba ma zama a gida muna jiran a kawo mana," in ji shi. "Ƙofar gidansu za mu je mu karɓa."

Magidantan suka yi mako biyu suna wannan gudu, sannan suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya. Yaran suka zauna. Shekarar farko suka sha kashi har mutane suka daina zuwa kallo. Shekara ta biyu kuwa sai manyan 'yan baya na wasu ƙungiyoyi suka fara jefar da ƙwallo waje don tsoro, tun kafin a iso gare su. 'Yan kallo suka dawo, suka sa wa yaran suna Rina, don in ɗaya ya harbe ka sauran suna tafe. Suka hau rukuni na biyu. A shekara ta huɗu, ga su a sahun gaba suna neman rukuni na ɗaya, inda ƙungiyar ba ta taɓa leƙawa ba tun da aka kafa ta.

Abin da 'yan kallo ba sa gani shi ne abin da ke gangarowa ƙarƙashin rumfa bayan an hura usur na ƙarshe. Yara ashirin da huɗu, ƙafa arba'in da takwas, duk a hannun mutum ɗaya. Idon sawu ya kumbura, ƙwauri ya fashe, jijiya ta ɗaure kamar igiyar guga. Kawu ya daina sayen jarida. Manyan yatsunsa suka kumbura suka ƙi sacewa, har ta kai matarsa ce ke sa masa maɓallin riga da safe.

"Mai tausa ya rasa mai yi masa tausa," takan ce tana dariya. "Ko in je in yi layi a bayan yaran naka, in ce ni ma ina da majinyaci a gida?"

Yakan yi murmushi kawai. Bacci yake ji ko da yaushe, irin baccin da kwanciya ba ta maganinsa.

Sunan Kawu ma daga cikin yaran ya samo shi. Ɗan yayarsa ne ya fara kiransa haka a fili, sauran suka ɗauka, har Koci da Ciyaman ɗin ƙungiyar. Yaron shi ake kira Tsinke, saboda lokacin da Kawu ya kawo shi gwaji iska mai ƙarfi za ta iya kayar da shi. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, Yaya ce ta raine shi da keken ɗinki. Yanzu shekararsa sha takwas, ya yi tsawo ya murje, kuma shi ne bakin matsin. Ɗan gaba ne da ba ya yawan cin ƙwallo, amma shi ke fara tashi da gudu, in ya tashi sauran goman su tashi. Koci kan ce rabin ƙwallayen da ƙungiyar ta ci, daga ƙafar Tsinke suka fara ko da bai taɓa su ba.

A wasa na biyun ƙarshe, wajen minti na saba'in, Kawu yana zaune a benci da jakarsa a kan cinya ya ga wani abu da ba wanda ya gani. Tsinke ya bi wani ɗan baya har gefen fili, ya juya, sai ya kai hannu bayan cinyarsa ta hagu, ya ɗauke da sauri kamar wanda ya taɓa tukunya mai zafi. Ya ci gaba da gudu har aka tashi. Sun yi nasara. Saura wasa ɗaya, a gida, ran Asabar. In sun ci sun hau; ko kunnen doki ba zai ishe su ba.

Bayan wasa kowa ya zo ɗakin tausa ban da Tsinke. Ran Litinin ma ya zagaye ta bayan rumfa. Kawu ya fita da kansa ya same shi yana ɗaura igiyar takalmi.

"Zo ka hau gado."

"Lafiyata ƙalau, Kawu."

"Na sani. Zo ka hau, in ga lafiyar da idona."

Yaron ya kwanta rub-da-ciki, ya cusa fuska a hannuwansa. Kawu ya shafa mai ya fara daga sama yana gangarowa. A tsakiyar cinyar yatsansa ya faɗa wani ɗan gurbi, wurin da tsoka ya kamata ta yi tauri amma ta yi laushi. Tsinke bai yi ƙara ba, sai dai yatsun ƙafarsa duka biyar sun naɗe.

"Tun yaushe?"

"Ba komai fa."

"Ni na yi maka wankan farko bayan cibiyarka ta warke, ni za ka yi wa ƙarya? Tun yaushe?"

"Tun ran Asabar." Ya ɗago kai. "Kawu, don Allah kada ka faɗa wa Koci. Ka ji mutanen nan za su zo."

Kawu ya ji. Kowa ya ji. Wakilan wata babbar ƙungiya daga ƙasar waje za su zo kallon wasan ƙarshe, kuma an ce ɗan gaban da ke jan matsin suke son gani.

Washegari ya kai shi asibiti aka yi hoton cinyar. Likitar, wata mace mai gilashi da ba ta san komai game da ƙwallo ba, ta juyo musu da allon ta nuna da biro. Tsokar ta ɗan yage, ba da yawa ba. Mako uku na hutu za ta haɗe kamar ba a yi ba.

"In aka yi masa allurar kashe zafi ya buga fa?" Kawu ne ya tambaya, don ya san za a tambaye shi.

"Zai iya gama wasan lafiya. Zai kuma iya tsinke ta gaba ɗaya a gudun farko. In ta tsinke daga sama, sai aiki, wata shida ko fiye, kuma ba lalle ya dawo da gudunsa ba."

"Wanne ya fi yiwuwa?"

Ta cire gilashin ta murza ido. "Baba, da na sani da na faɗa maka."

Akwai wata doka a ƙungiyar da Koci da kansa ya kafa a shekararsa ta farko, bayan wani yaro ya buga da ciwo ya gurgunce na wata takwas: ba mai shiga fili sai Kawu ya ce e. Har zuwa yanzu dokar ba ta taɓa yi wa kowa nauyi ba. Ran Laraba bayan atisaye Koci ya shigo ɗakin, ya sunkuya, ya zauna a bakin baho. Idanunsa sun yi ja, gemunsa ya fito da furfurar da babu ita shekara huɗu da suka wuce.

"Na ga takardar likita."

"To."

"Ba zan tilasta maka ba, ka sani. Tambaya kawai nake. Minti sittin. Ko arba'in da biyar. Mu danne su tun farko, mu ci, in cire shi."

"Ka taɓa ganin Tsinke ya yi gudu rabi? Kai ka koya masa kada ya yi."

Koci ya juya usur a hannu. "In ba shi, sai Gajere. Gajere bai taɓa fara wasa ba. Shekararsa sha bakwai."

"Na sani. Ni ke tausa masa ƙafa."

"Shekara huɗu, Kawu. In muka faɗi wannan, Ciyaman ba zai iya riƙe yaran nan wata shekarar ba. Za su watse."

"Ko mun hau za su watse, Koci. Ka fi ni sani."

Koci ya miƙe, ya manta da rufin, kansa ya bugu da siminti. Ya tsaya dafe da wurin. "Amsarka ke nan?"

"A'a ce amsata."

Ciyaman ya buga waya sau uku ran Alhamis, da farko da lallashi, daga baya da faɗa, a ƙarshe ya ce shi dai ya faɗi nasa. Wannan bai dami Kawu sosai ba. Abin da ya dame shi ya tarar da shi ne a gida da yamma: takalman Yaya a bakin ƙofa. Tana zaune a kan kujerar da yake zama, zare fari maƙale a gefen zaninta, alamar daga kan keke ta taso. Matarsa ta ajiye mata shayi ba ta taɓa ba.

"Auta," ta ce. Shekararsa hamsin da ɗaya amma ba ta taɓa kiransa da wani suna ba. "Me yaron nan ya yi maka?"

"Yaya, bari in zauna tukuna."

"Zauna mana, gidanka ne. Kwana biyu bai ci abinci ba. Ya ce likita ta ce zai iya bugawa, kai ka hana."

"Cewa ta yi zai iya, kuma zai iya tsinkewa."

"To wa ya san gobe? Mota ma tana iya buge shi a hanya. Shekara nawa ina wanke masa kayan ƙwallo, ina ɗinke safa, ina jin maƙwabta suna cewa na bar ɗana ya lalace a fili? Yanzu da ƙofa ta buɗe, kawunsa ne zai tsaya a bakinta?"

"Ƙofar za ta sake buɗewa."

"Taka ta sake buɗewa?"

Matarsa ta ce, "Haba Yaya," a hankali. Kawu ya dubi gwiwarsa, wadda har yau ba ta miƙewa sosai.

"Ni ma allura aka yi mini ranar," ya ce. "Ke kika zo asibiti da kwano, kin manta?"

"Ban manta ba. Amma kai ba wanda ya zo daga ƙasar waje don ya gan ka. Ba hassada nake cewa kana yi ba, Allah ya sani. Tsoro ne ya cika maka ciki, kake so ka zuba wa ɗana."

Ta tashi ta gyara mayafi. A bakin ƙofa ta tsaya tana neman takalminta da ƙafa, ba ta juyo ba. "In sun ɗauki wani, Auta, ka san abin da za ka faɗa masa. Ni ba ni da abin faɗa."

Ran Asabar filin ya cika tun da hantsi, har kan katanga da rassan bishiyar da ke bayan raga. Daga ɗakin tausa ana jin rumfa tana rawa, ƙura tana zubowa daga rufi a kan gado. Kawu ya ɗaure idon sawu goma sha ɗaya, ya shafa wa kowa mai. Gajere ne na ƙarshe. Yaron ya hau gado.

"Kawu, fitsari nake ji, kuma yanzu na fito."

"Ba fitsari ba ne. Je ka yi gudunka, zai wuce."

Tsinke ya zauna a ƙarshen benci cikin kayan gida, ya bar kujera uku tsakaninsa da kawunsa. Can sama, kusa da Ciyaman, ga baƙi biyu da littattafan rubutu a kan gwiwa.

Rabin farko bai yi kyau ba. Gajere yana tashi kafin lokaci, sauran ba su shirya ba, sai a zagaye shi a bar shi yana bin iska. A minti na talatin abokan karawa suka zura ɗaya. Wani daga cikin 'yan kallo ya leƙo ta saman benci ya yi ihu, "Ina Tsinke? Mai tausa ya sayar da mu!" Kawu bai ɗaga kai ba. A hutun rabin lokaci Koci bai yi faɗa ba. Ya kama Gajere ta kafaɗa ya ce masa ya daina kallon ƙwallo, ya kalli ƙafar ɗan bayan da ke hagu, wanda ba ya iya tsayar da ita sai ta yi tsalle. In ta yi tsalle, a lokacin zai tashi.

Minti goma da dawowa ta yi tsalle. Gajere ya iso kafin ta sauka, ya fizge ta, ya miƙa wa na gefensa ya zura a raga, ɗaya da ɗaya. Daga nan Rina suka tashi gaba ɗaya. Abokan karawar, manya masu ƙarfi, suka fara haki suna kallon benci. Saura minti takwas golansu ya karɓi ƙwallo daga ɗan bayansa, ya ɗaga kai neman wanda zai ba, bai ga Gajere da ya zagayo ta bayansa ba. Yaron ya zare ta daga ƙafarsa ya tura cikin raga da ba kowa.

Kawu bai ga ƙarshen wasan ba. Yara biyu sun faɗi jijiya ta ɗaure musu, yana durƙushe a gefen fili da ƙafar ɗaya a kafaɗarsa yana dannawa lokacin da aka hura usur. Mutane suka ɓarke suka cika fili. An ɗaga Koci sama, an ɗaga Gajere, wani ya taka wa Kawu hannu bai ma sani ba. Da ya samu ya miƙe ya duba benci, Tsinke ba ya nan.

Kwana goma sha biyu bayan haka Gajere ya hau jirgi, shi baƙin suka ɗauka. Ya zo sallama ɗakin tausa da sabuwar jaka, ya rungume Kawu yana kuka, ya ce ba zai manta da shi ba. Kawu ya ce masa ya riƙa shan ruwa, kada kuma ya ɓoye ciwo. Kafin wata ya ƙare wasu uku suka bi bayansa zuwa manyan ƙungiyoyin cikin gida. Ba wanda ya tambayi Tsinke.

Yaron bai zo jinya ba. Kawu ya rubuta abin da zai riƙa yi kullum a takarda, ya ba golan ƙungiyar ya kai masa. Yaya ta daina ɗaukar waya. In matarsa ta je gidan, a gaisa sama-sama, keke bai tsaya ba.

Lokacin hutu ne, ba atisaye, amma Kawu ya kasa hutawa. Yakan zauna a tsakar gida da hannuwansa cikin ruwan ɗumi yana lissafin abu ɗaya. Da ya ce e, wataƙila cinyar ta riƙe. Likitar ma ta ce wataƙila. Da Tsinke ne ya ga ƙwallon ta yi tsalle, da shi ne a jirgin.

"Ko kuma da yanzu yana kwance da ƙarfe a ƙafa, Yaya tana zaginka da wani zagin daban," in ji matarsa. "Kai dai zagi ne rabonka a wannan makon, ka zaɓi wanda za ka iya ɗauka."

"Ban san ko na yi daidai ba."

"Ba za ka taɓa sani ba. Ciro hannun, ruwan ya huce."

Da aka dawo atisaye, Kawu ya tarar da yara goma sha ɗaya da bai taɓa gani ba a tsaye a tsakiyar fili, 'yan sha biyar, rigunan sun yi musu yawa. Koci yana jera su uku-uku, yana faɗa musu maganar daƙiƙa shida da kalmomin da Kawu ya haddace tun tuni. Da ya sallame su shan ruwa ya zo ya zube a benci kusa da shi.

"Daga farko kuma," in ji Kawu.

"Daga farko." Koci ya shafa fuska. "Ka san abin da ke ba ni haushi? Sai yaro ya fara gane abin da nake nufi, ya fara tashi ba tare da na yi ihu ba, sai a zo a ɗauke shi. Ni kamar mai renon 'ya'yan mutane ne."

"A rukuni na ɗaya kuma sun fi gudu."

"Sun fi. Dole mu ƙara." Ya dubi hannuwan Kawu. "Ciyaman ya ce zai sayo gado na biyu, ya ɗauko maka mataimaki."

"Ya faɗa bara ma."

Suka yi dariya kaɗan, irin ta mutanen da ba su da ƙarfin yin mai yawa.

A rana ta uku Tsinke ya shigo ɗakin. Bai yi sallama da ƙarfi ba, bai kuma kalli kowa ba. Ya cire takalmi ya hau gado ya kwanta rub-da-ciki. Kawu ya shafa mai ya bi cinyar daga sama har ƙasa, sau biyu. Gurbin ya cike, tsokar ta yi tauri daidai da ta ɗaya ƙafar.

"Ka bi takardar."

"Na bi."

"Ta warke. Gobe ka shiga da sauran."

Yaron bai tashi ba. Ya yi magana fuskarsa na cikin hannuwa. "Gajere ya turo mini hoton ɗakin tausarsu. Gado goma sha biyu. Har da wurin wanka mai sanyi."

"Ya kyauta."

"Ni suka zo gani, Kawu."

"Na sani."

"Ba za ka ce ka yi nadama ba?"

Kawu ya goge hannu da tawul, yatsa ɗaya bayan ɗaya. "In na ce na yi, ƙarya ne. In na ce ban yi ba, shi ma ƙarya ne. Tashi, akwai mutane a layi."

Rukuni na ɗaya bai yi musu maraba ba. Wasa biyar na farko sun sha kashi a huɗu. A can 'yan baya ba sa firgita. In ka taso musu da gudu sai su ɗaga ƙwallon ta wuce kanka, ka juyo ka tarar an riga an kai gidanka. Sai wajen tsakiyar kaka sababbin yaran suka fara tashi tare, Tsinke yana gaba yana nuna musu da hannu, yana yi musu tsawa kamar ƙaramin koci. Ya buga kowane wasa a shekarar, cinyar ba ta sake motsi ba. Ya ci ƙwallo shida. Baƙi masu littattafai sun zo sau biyu, suka tafi da wani ɗan tsakiya. An ce Gajere yana zaman benci a can, an kuma ce a'a, ya fara bugawa. Ba wanda ya san gaskiya. Yaya ta dawo ɗaukar waya bayan wata biyar, ta tambayi lafiyar yara, ba ta ta da maganar ba, shi ma bai tayar ba.

Sun tsira daga faɗuwa a wasan ƙarshe da maki ɗaya. Ba a ɗaga kowa sama ba a wannan karon. Mutane sun yi tafi, suka watse. Kawu ya gama da ƙafa ta ƙarshe wajen la'asar, ya zubar da ruwan baho, ya kulle ɗaki. Koci yana jiransa a bakin ƙofar fili da babur.

"Wata shekarar fa? Kana nan?"

"Tambaye ni bayan mako biyu."

"Hau in sauke ka."

"Bar shi. Gwiwar ba ta son babur yau."

Ya taka a hankali zuwa bakin titi ya shiga bas. Ya samu kujera kusa da taga, ya ɗora jakar a kan cinya, ya jingina kai da gilashi. Kafin a kai mahaɗar farko bacci ya ɗauke shi. Bas ta wuce unguwarsu, ta wuce kasuwa, ta wuce gada. Sai a tasha ta ƙarshe direba ya zagayo ya taɓa masa kafaɗa.

"Baba, an iso. Ina za ka sauka ne?"

Kawu ya buɗe ido ya dubi wurin da bai sani ba. "Na wuce," ya ce. "Yaushe za ka juya?"

"Sai ta cika."

"To bar ni a nan."

Ya gyara jakar, ya mayar da kansa jikin gilashi.